Muryar Ƙaninta a Rediyo

A labaran rana na ji abin da aka ce 'yata ta yi. Ɗana ne ya karanta.

Ni kafinta ne. Shagona yana tsakanin na mai walda da na mai gyaran babur. Tun da Auta ya samu aiki a gidan rediyo, in lokacin labarai ya yi nakan ajiye zarto in ƙure murya, su biyun su matso bakin ƙofata. Ba na ce musu komai. Sun san muryar wa suke ji.

Ranar ya karanta na gwamnati, ya karanta na kasuwa, sannan ya zo kan na 'yan sanda.

"Wata mata mai sana'ar ɗinki ta kai wa mijinta hari da dutsen guga mai zafi, bayan wani ɗan saɓani da ya shiga tsakaninsu."

Mai walda ya kwashe da dariya. "Wannan rigar ba ta ishe ta ba, sai da ta haɗa da mai rigar."

Auta ya ci gaba. Ya ce magidancin ma'aikacin banki ne, mahaifin yarinya ɗaya, ya samu ƙuna a hannu, yana karɓar magani. Ya ce matar tana hannun 'yan sanda. Ya faɗi sunan layin.

Mai gyaran babur ne ya fara daina dariya. Shi ke gyara wa surukina babur, ya san bankin, ya san layin. Ya dube ni, ya kawar da kai. Na kakkaɓe garin katako daga rigata, na ja ƙofa na kulle.

A ofishin 'yan sanda na same ta zaune a kan benci bayan kanta. Babba nake kiranta, ita ce ta fari. Kayanta tsaf, mayafinta a naɗe har ƙasan haɓa. Ba don idonta na hagu da ya kumbura ba, sai ka ce biki za ta. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaishe ni, ta kasa. Numfashinta guntu-guntu.

"Zauna," na ce. "Faɗa mini."

Ta faɗa a hankali, tana tsayawa tana jan iska. Jiya da rana mijinta ya dawo gida ba lokacin dawowarsa ba. Ya tarar tana guge kayan wata da za ta zo karɓa, abinci bai sauka ba. Ya fara da bel. Da bel ɗin ya kuɓuce masa sai ya sa ƙafa. Daga nan ya danne ta a jikin tebur ya shaƙe ta. Dutsen yana hannunta. Ta sa shi a tsakaninsu. Ya sake ta, ya fita da gudu.

"Jiya ya fara?"

"A'a, Baba."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa, da ka je da guduma."

Ba ta yi ƙarya ba.

"Da ya fita, me kika yi?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce lokacin tashi daga makaranta ya kusa, 'yarta za ta shigo. Ba ta so ta ga ɗakin haka. Ta goge jinin da ke ƙasa, ta miƙar da tebur, ta wanke rigar da ta yage ta shanya a baya, ta yi wanka ta sa wasu kayan. 'Yan sanda suka zo suka tarar da ɗaki a share da mace a shirye. Shi kuwa ya riga ya isa wurinsu da hannun riga a naɗe, kowa yana ganin ƙunar. Ita kuwa yarinyar, uwar mijin ce ta je ta ɗauko ta daga makaranta, ta wuce da ita gidanta.

Na juya wurin sajan ɗin da ke kanta. Na ce ya dubi fuskarta.

"Na gani, Baba. Amma wanda ya fara zuwa shi ne mai ƙara. Wanda aka je aka kawo shi ne wanda ake zargi. Haka tsarin yake."

"In ita ta kawo ƙara yanzu fa?"

"Sai mu rubuta. Amma ƙarar da ta zo daga baya, kowa ya san ramuwa ce."

Na koma wurinta. Na ce ban san yadda zan gaya mata ba, amma an faɗa a rediyo, kuma ƙaninta ne ya karanta. Na ce watakila bai san ita ce ba.

"Ya sani," ta ce. "Ya zo da safe. Kullum yakan zo karɓar labari wurin kakakinsu. Ya gan ni a nan."

"Ya ga wuyanki?"

"Shi ya ja mini mayafin ya rufe. Ya ce maza suna kallo."

Na ɗaga mayafin. Shatin yatsu ne, sun yi baƙi, dama da hagu.

Na tsaya mata aka ba da belinta. Daga nan asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce haƙarƙari biyu sun tsage. Na kawo ta gidana, ɗakin uwarsu da ke rufe tun rasuwarta.

Auta bai zo ba sai da na aika. Ya zo da yamma, da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a tsakar gida, ya durƙusa, ya gaishe ni. Ban amsa ba.

"Baba, na san ranka ya ɓaci."

"Maimaita mini abin da ka karanta."

"Baba..."

"Maimaita. Yayarka ba ta ji ba, tana kulle."

Babba tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta jingina da matashi. Bai dube ta ba. Ya ce ba shi ya ƙirƙiri kalmomin ba. Abin da 'yan sanda suka bayar shi suke sa wa hannu. Ya ce da ya ƙi karantawa da wani ya karanta, wanin kuwa da ya faɗi sunanta da na ubanta. Shi ya roƙa aka cire sunan.

"Ka cire sunan, ka bar layin da sana'ar da bankin."

"Dole labari ya zama da bayani, Baba."

"Bayanin wuyanta fa?"

"Ba za mu iya cewa ya doke ta ba sai kotu ta tabbatar. Zai iya kai mu ƙara."

Babba ta yi magana daga inda take. Muryarta ba ta fita sosai.

"Auta, kotu ta tabbatar na kai masa hari?"

"Yaya, ai akwai ƙuna. An gani."

"Ni ba a ga komai a jikina ba?"

Ya ce ba za mu gane yadda ɗakin labarai yake ba. Minti kaɗan ake ba ka, edita yana tsaye a kanka, jar fitila ta kunnu, sai ka karanta abin da ke gabanka. Ya ce bai daɗe da samun kujerar nan ba, akwai masu jiran ya yi tuntuɓe su ce yana kare 'yan gidansu. Ya ce shi ma bai iya cin abinci ba ranar.

"Allah sarki," in ji Babba. "Sannu."

Ita ta goya shi lokacin da uwarsu ta kwanta ciwo. Ban tuna masa ba. Ya sani.

Na ce abu ɗaya nake so. Ya koma inda ya faɗi waccan magana, ya faɗi haƙarƙarin da wuyan. Ya ce zai yi wa edita magana. Ya ajiye lemon a kan turmi ya fita.

Washegari na raka ta gidan uwar mijin, ta ɗauko 'yarta. Matar ta tare mu a ƙofar falo, ba ta ce mu shiga ba. Ta gaishe ni da mutunci, ba zan ɓoye wannan ba. Ta ce yarinyar tana barci.

"Mama, ko ganinta in yi," in ji Babba.

"Ke dai ki je ki huta. Hankalinki bai dawo ba tukuna."

Na ce yarinyar ƙarama ce, wurin uwarta ya kamata ta kwana. Na ce ɗanta ya karya wa 'yata ƙashi, ga hoton asibiti a hannuna.

Ba ta karɓa ba. "Ni ban san wannan ba, Malam. Tsakanin miji da mata ba a rasa 'yar hatsaniya. Amma wuta? Wadda ta ɗora wa babba wuta, me zai hana ta ɗora wa yarinya? Ba ni na faɗa ba. Duk gari ya ji. Kuma da wani bare ne ya faɗa, sai a ce sharri ne. Ƙaninta ne, ciki ɗaya."

Muka juyo. A hanya Babba ta riƙa tsayawa tana dafa bango.

Kwanakin da suka biyo baya, kowace rana da abin da take ɗauke mata.

Na sa aka kwaso keken ɗinkinta da kayan mutane aka kawo gidana. Ba ta iya taka keken ba, kowane taki sai ta riƙe gefe. Bai ma dame mu ba, don masu kayan suka fara zuwa suna karɓar abinsu ba a ɗinka ba. Wasu suna cewa bikin ya matso, wasu ba sa cewa komai. Wata ta tsaya a tsakar gida tana leƙen ɗakin, ta tambaya a hankali ko dutsen yana nan ko 'yan sanda sun riƙe. Wata kuma, da take ganin alheri take yi, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kin burge ni, kin rama mana." Babba ta ce ita ba ramuwa ta yi ba, numfashi take nema. Matar ta yi dariya, ta ce to, haka za ki ce a kotu.

Wani ya yanko muryar Auta ya sa a waya, ya haɗa da hoton dutsen guga yana hayaƙi. Ya zagaya. Yaran layinmu suka sa mata suna Mai Guga. In ta fito zubar da ruwa sai su ruga suna riƙe hannu suna ihun ƙarya. Na kama ɗaya na kai shi gaban ubansa. Uban ya ba ni haƙuri, amma na ga yana danne dariya.

Shi kuwa mijin ya koma aiki da farin bandeji. Mai gyaran babur ya ce mini a banki har layi ake yi ana yi masa jaje.

Ta fara zuwa bakin makarantar yarinyar lokacin tashi. Takan tsaya a tsallaken titi, ta rufe rabin fuska. Rana ɗaya ta yi ƙarfin hali ta tsallaka. Malamar ajin ta fito ta tare ta a get. Ta ce uban ya ba da umarni kada a ba ta yarinyar, kuma shugaban makaranta ya ce kada ta riƙa tsayawa a wurin, iyaye suna ƙorafi.

"Kin san ni," in ji Babba. "Ni na ɗinka miki kayan sunan ɗanki."

"Na san ki. Amma mun ji abin da muka ji."

Daga ranar aka riƙa fitar da yarinyar ta ƙofar baya.

Ta daina cin abincin kirki. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta ya yi saura. In na dawo daga shago sai in same ta zaune inda na bar ta, wayarta a cinya, tana kallon hoton 'yar. Ba ta kuka a gabana. Ta san ba na so.

Auta ya daina ɗaukar wayata. Na sa manyan kayana, na ce wa Babba ta shirya, muka tafi gidan rediyon.

Editan mutum ne mai fara'a. Ya taso ya tarbe mu, ya sa aka kawo shayi, ya ce ai ni ubansu ne gaba ɗaya, ya ce Auta yaro ne mai hazaƙa, gaba tana gare shi. Aka kira Auta ya tsaya a jikin bango. Na ajiye hoton asibiti a kan tebur. Editan ya ɗaga shi wajen taga ya duba, ya girgiza kai.

"Abin ba daɗi. Wallahi ba daɗi. Amma Baba, mu ba alƙalai ba ne."

"To me ya sa kuka yanke?"

"Ba mu yanke ba. Mun ce saɓani. Kalma ce ta mutunci. Ba ma shiga cikin ɗakin mutane mu tona abin da ke tsakanin miji da matarsa. Sirrinta muka rufa."

"Nasa kuka rufa," in ji Babba. "Nawa kun faɗi har layin."

Ya yi murmushi kamar yarinya ce ta yi masa wayo. Ya ce labari kamar ruwan sama yake, ya zubo ya wuce, mutane sun ma manta. Ta ce makarantar 'yarta ba su manta ba. Ya dubi agogo, ya dubi Auta. Ya ce ba sa janye labarin da ba ƙarya a cikinsa, amma saboda girmana za su yi na biyu, a ji ɓangarenta. Ya ce Auta da kansa zai karanta, don a ga babu son kai.

Na miƙa masa hannu. Na ɗauka an gama.

A hanya Babba ta ce in saya mata burodi, yunwa take ji. Rabon da ta nemi abinci da bakinta har na manta.

Washegari ban je shago ba. Muka zauna tsakar gida, rediyo a kan kujera tsakaninmu. Muryar Auta ta zo, a natse, kamar kullum.

"Matar nan da ta ƙone mijinta da dutsen guga a kwanakin baya, yanzu tana iƙirarin cewa wai dukanta yake yi. Sai dai magidancin, wanda har yanzu yake jinya, ya musanta zargin, ya kuma bayyana cewa shi burinsa kawai iyalinsa su zauna lafiya."

Shi ke nan. Babu haƙarƙari, babu wuya, babu likita. Ya wuce labarin wasanni.

Babba ta ce, "Da can hari na kai. Yanzu na ƙone shi. Shi ya bayyana, ni wai." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na kira shi da wayar maƙwabci, don ya ɗauka.

"Baba, na yi iya ƙoƙarina. Dole mu ji ta bakin kowa. Ba mu da izinin karanta takardar likita. Kalmar iƙirari ita ake sa wa duk abin da ba a tabbatar ba."

"Nasa an tabbatar?"

"Baba, ina cikin aiki. Zan zo."

Bai zo ba.

Na kai ta wurin lauya. Mace ce, ba ta ɓata mana lokaci ba. Ta duba hoton, ta duba wuyan da shatinsa ya riga ya dushe. Ta ce za a iya yin shari'a, za a iya ma ci. Amma za a daɗe. Kuma muddin ana tuhumarta da raunata mutum, da wuya alƙali ya ɗauke yarinya daga inda take ya ba ta. Ta ce lauyan mijin ya riga ya gaya mata yana da muryar labaran biyu a wayarsa, kuma abin da zai fara faɗa wa kotu shi ne wanda ya karanta.

"Za a daɗe kamar yaya?" in ji Babba.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Yarinyar za ta iya canja aji kafin a gama."

Da yammar nan mijin ya zo gidana da kansa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa. Bandejin ya ragu, ya zama ɗan ƙarami. Ya ce shi bai riƙe ta a rai ba. Ya ce sharrin shaiɗan ne, kowa da kuskurensa. Zai janye ƙara, ta koma ɗakinta, yarinya ta dawo gida. Ba ya neman komai sai ta ba mahaifiyarsa haƙuri.

"Kuskurenka wane ne?" na ce.

"Baba, ni ma ina da zafin rai, ban musa ba."

"Zafin rai ne ya taka mata ƙirji?"

"Baba, ai maganar ta wuce. Kada mu tayar."

Na ce ya tashi ya bar mini gida tun ƙafafunsa suna ɗaukarsa. Ya tashi ba gardama, ya sa takalminsa a natse. Mutumin da ya san ya ci ba ya gaggawa.

Da na juyo, Babba tana tsaye a ƙofar ɗaki.

"Zan koma, Baba."

"Ba za ki koma ba."

"'Yata tana can."

"Zai kashe ki."

"Watakila. Amma in ina nan, kullum ana gaya mata wace ce ni, ba ni kusa in ce a'a."

Na yi faɗa. Na ce ban haifi wadda za ta durƙusa wa wanda ya shaƙe ta ba. Na ce mu bi shari'a ko shekara nawa za ta ci. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kai kana da naka 'ya'yan a gabanka, Baba, ko sun yi maka daɗi ko ba su yi ba. Ni tawa ba na ganinta." Ta shiga ta fara ninke kaya.

Ranar da za a mai da ita, sai ga Auta da motar abokinsa, wai ya zo ya rage mana hanya. Ya ɗauki jakarta ya sa a baya. Muka isa gidan uwar mijin, inda aka ce za ta fara ba da haƙuri ta ɗauki yarinyar. Ya ce zai jira a mota.

Wannan karon an ce mu shiga. Babba ta durƙusa a gaban matar, hannu ɗaya a gefen ƙirji. Ta ce ta yi kuskure, a yafe mata. Na kalli bango. Matar ta ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, ta ƙwala wa yarinyar kira.

Jikata ta fito daga ciki. Ta yi tsawo. An yi mata kitson da ba irin na uwarta ba. Ta gan ni ta yi murmushi, ta ce, "Tsoho." Sai ta ga uwarta.

Babba ta buɗe hannu, tana durƙushe. Yarinyar ta tsaya. Ta ja da baya har ta shige bayan kakarta, ta mai da hannuwanta biyu baya ta ɓoye.

"Zo mana. Ni ce."

"Kada ki ƙone ni."

"Wa ya ce miki zan ƙone ki?"

"Kin ƙone Abba. Kawu ne ya faɗa. Kaka ta kunna mini na ji."

Uwar mijin ta ce, "Kai, yara da surutu," tana gyara zaman ɗankwali.

Babba ba ta sauke hannuwan ba. Ta bar su a buɗe, tafin sama, don yarinyar ta ga ba komai a ciki. Ta ce, "To tsaya a nan. Ba sai kin zo ba. Ni zan zauna a nan har ki gaji da tsayuwa." Ta zauna a ƙasa, a kan tayil. Ta dube ni ta ce, "Ka je, Baba. Na iso."

Na fito. Auta yana jingine da mota yana duba waya. Da ya gan ni ya miƙe.

"An daidaita, Baba? Alhamdu lillahi. Ka ga dama irin wannan a cikin gida ake gama shi."

Na ce, "Shiga."

"Ina?"

"Ciki. 'Yar yayarka tana ɓoye hannu kada uwarta ta ƙone ta. Ta ce kai ka faɗa. Ba na neman ka faɗa wa gari, na haƙura da gari. Mutum ɗaya ce, ba ta kai tsawon teburin nan naku ba. Ba edita, ba jar fitila, ba wanda zai kai ka ƙara. Shiga ka gaya mata abin da ka gani a wuyan uwarta kafin ka rufe."

Ya dubi ƙofar. Ya taka har bakin get, ya sa hannu a kan ƙarfen. Na ɗauka zai shiga. Ta tagar falo ana hango mijin zaune a kujera, da uwarsa.

"Baba, yau ranar sulhu ce. In na tayar da maganar yanzu, ita zan ja wa. Bari abin ya lafa. Yarinya ce, za ta manta."

Ya saki ƙarfen. Ya ce lokacin shiga aiki ya yi, ya buɗe mini ƙofar mota. Na ce ya tafi, ƙafata tana aiki.

Wanda ya taka mata ƙirji na san abin da yake, ban taɓa sa ran komai daga gare shi ba. Uwarsa ɗanta take karewa. Sajan da edita ba su san ta ba. Amma a duk garin nan mutum ɗaya ne ya ga wuyan nan da idonsa tun shatin yana sabo, kuma aka ba shi abin magana gari yana saurare, har sau biyu. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, yana iya rantsuwa a kan haka. Ya dai zaɓi wanda zai kira magidanci da wadda zai kira wata mata.

Na tsaya a tsallaken titi ina kallon gidan har rana ta karkata. Ba ta fito ba, ban kuma ji muryar yarinyar ba. Tana ciki a zaune a ƙasa, tana jiran 'yarta ta yarda ta matso.